Yadda Ake Kafa Ajin Noma, Lambu da Kiwon Lafiya a Karkara

Karo na farko da na sa hannu a shirya irin wannan aji, mun yi hayar kujeru, mun aro lasifika, mun gayyato masani daga birni. Ya zo da kwamfuta da majigi, ya yi awa biyu yana bayani a kan sinadaran ƙasa. Jama'a suka saurara cikin ladabi, aka tafa masa, aka watse. Da damina ta faɗi na zaga gonakin waɗanda suka halarta, ban ga ko kunya ɗaya da aka ja daban da ta bara ba. Masanin ya san aikinsa, manoman ma ba wawaye ba ne. Mu ne muka ɗauka ilimi ruwa ne da ake ɗurawa ta kunne.

Ajin da ke sauya wani abu shi ne wanda ɗalibinsa yake komawa gida da ƙasa a farce. Kuma ba a raba noma da lambu da lafiya gida uku, domin hanya ɗaya ce: daga gona zuwa rumbu, daga rumbu zuwa tukunya, daga tukunya zuwa cikin yaro. Ga yadda ake bin ta.

Mataki na farko: ka zaga kafin ka buɗe baki

Ka ware mako biyu ko uku kana yawo kawai. Shiga gonaki, leƙa rumbuna, tsaya bakin rijiya ka ga yadda ake ɗiban ruwa da inda ake ajiye guga. Je ƙaramin asibitin yankin ka tambayi ma'aikaciyar wace cuta ce ta fi kawo yara, kuma a wane wata. Idan ka ce wa manomi "mene ne matsalarka", amsar a bakinsa take: taki, bashi, injin ban ruwa. Gara ka tambaye shi buhu nawa ya ɗauka a wannan gonar bara, nawa ya rage bayan wata huɗu, me ya ci sauran. A nan gaskiya take fitowa.

Daga nan ka tara mutane ku zana shekara a ƙasa. A ja layi goma sha biyu, kowane wata da gidansa, a ba su tsakuwa su zuba: watan da aiki ya fi yawa, watan da abinci ke ƙarewa, watan zazzaɓi, watan gudawar yara, watan da kuɗi ke shigowa. Ka sa mata su yi nasu daban, maza nasu daban, sannan a haɗa. Sau da yawa za ka ga tsakuwar yunwa da ta aiki da ta zazzaɓi sun taru a gida ɗaya, kuma masu zubawar da kansu za su yi shiru suna kallo. Wannan zanen shi ne manhajarka. Ka zaɓi matsala uku kacal daga cikinsa don shekarar farko. Wanda ya ɗauko goma, taron tsintsiya zai yi babu shara.

Mataki na biyu: nemo masu riƙe maka

Da ɗan gari akan ci gari. Kana bukatar ƙaramin kwamiti na mutum biyar zuwa bakwai: malamin gona, ma'aikacin lafiya, malamin makaranta, manomin da ake jin maganarsa, matashi ɗaya, da mata aƙalla biyu waɗanda za su yi magana, ba masu cika kujera ba. Ka gai da shugabannin gari ka sanar da su tun kafin ku soma.

Ka bincika abin da hukuma ta riga ta tanada, don kada ka yi ta haƙa rijiya a bakin kogi. A Amurka, tun dokar Smith-Lever ta 1914 aka ɗaura jami'o'in noma da gundumomi, ta yadda kusan kowace gunduma take da ofishin malaman gona da ke koyar da noma, lambu da abinci mai gina jiki. Wasu ƙasashen suna da nasu tsarin ƙarƙashin ma'aikatar gona da ta lafiya. Ko ofishin naku ya yi rauni, akwai takardu, hotuna da mutum ɗaya ko biyu da suka san aiki.

Tun ranar farko a ja iyaka: ajin nan ba ya duba mara lafiya, ba ya ba da magani. Yana koyar da rigakafi, da gane alamar haɗari, da sanin lokacin da za a ruga asibiti. Duk darasin lafiya, ma'aikacin lafiya ne zai gabatar ko ya duba shi kafin a gabatar.

Mataki na uku: su wa, yaushe, kuma da wane sharaɗi

Mutum 20 zuwa 25 sun isa aji ɗaya. In suka wuce haka, na baya kallo kawai za su yi. A haɗu sau ɗaya a mako, awa biyu zuwa uku, tun daga gyaran gona har girbi. Ranar da lokacin, ɗalibai ne za su tsayar, kuma ka duba zanen shekarar nan kada ka sa dogon zama a makon da kowa ke fama da ciyawa. Uwa mai goyo ba za ta zo ba in babu inuwa da mai riƙe mata yaro, don haka a tanadi tabarma da yarinya ko dattijuwa da za ta kula da yara.

Maganar kuɗin zama: ra'ayina shi ne kada a fara. Na taɓa ganin ajin da ya cika maƙil saboda ana raba ɗan abin hawa mota, ranar da kuɗin ya yanke aka wayi gari da mutum huɗu. Waɗannan huɗun su ne ajin tun asali. In akwai kuɗi, a sa shi a iri, igiyar awo, sabulu da littafin rubutu.

Mataki na huɗu: gonar gwaji, wadda ita ce allon ajin

Nan ne zuciyar aikin, don haka bari in daɗe a kai.

A 1903, a kusa da garin Terrell na jihar Teksas, wani masanin noma mai suna Seaman Knapp ya shawo kan wani manomi ya gwada sabbin dabaru a gonarsa ta kansa, da hannunsa. Mutanen gari suka tara kuɗi suka ajiye, da sharaɗin in ya yi asara a biya shi. Bai yi asara ba, riba ya ci, maƙwabta kuma suna kallo tun daga shuka har girbi. Daga irin wannan gwaji aikin malaman gona na ƙasar ya samo tushe. Darasi biyu ne a ciki: gwajin ya kasance a ƙasa irin ta kowa, a hannun manomi irin kowa, kuma kada a bar mutum ɗaya ya ɗauki asarar gwajin jama'a.

Ku nemi fili a bakin hanya inda masu wucewa za su gani, mai ƙasa tsaka-tsaki. In kuka ɗauki gonar da ta fi kowace kyau, za a ce ai ƙasar ce. Ku rubuta yarjejeniya da mai filin: wa zai kawo iri, wa zai yi aiki, wa zai ɗauki amfanin. Sannan ku raba filin biyu daidai da igiya, misali mita 10 sau 10 kowane ɓangare. Ɗaya a noma shi yadda aka saba, ɗayan da sabuwar dabara. Abu ɗaya tak za a bambanta. In tazarar shuka kuke gwadawa, to iri ɗaya, taki ɗaya, rana ɗaya, noma ɗaya. Wanda ya sauya iri da taki da tazara gaba ɗaya, ko ya samu ninki biyu bai san wanne ya yi aikin ba, kuma talakan da ba zai iya sayen duka ukun ba bai ƙaru da komai ba.

Tsarin zaman mako kuwa, ku ari na makarantun manoma da hukumar FAO ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta soma a Indonesiya a 1989. A can manoman shinkafa sun yi ta feshi har suka kashe gizo-gizo da sauran ƙwarin da ke cin masu ɓarna, sai wani ɗan ƙwaro mai tsotse shinkafa ya samu sarari ya yi ta'adi. Maganin da aka samo shi ne a koya wa manomi kallon gonarsa. Da sassafe a kasa ɗalibai biyar biyar, kowane rukuni ya zaɓi shuka goma ya duba: tsawo, yawan ganye, launi, damshin ƙasa, ƙwarin da ke kai. A kama ƙwarin a kwalba, a dawo inuwa a zana shukar a babbar takarda, masu ɓarna a gefe ɗaya, masu cin su a ɗaya gefen. Kowane rukuni ya yi bayani, a yi musu, sannan ajin ya yanke abin da za a yi wa gonar a wannan makon.

Aikinka a nan shi ne ka kame bakinka. Wani dattijo zai miƙo maka ƙwaro ya ce, "Malam, wannan na kashewa ne ko na bari?" Kada ka ba shi amsa. Ka ce, "Baba, mu sa shi a kwalba da ganye da 'yar tsutsa, mu rufe da ƙyalle, gobe ka gaya mana wanne ya ci." Washegari shi zai zo yana ba da labari, kuma ba zai manta ba har abada. Gani ya kori ji.

Mataki na biyar: darussa biyu na buɗe aji

Ba a fafe gora ranar tafiya, saboda haka gwajin iri ya zo mako biyu kafin shuka. Kowa ya zo da irinsa. A ƙirga ƙwaya 100 ba tare da zaɓe ba, a jera goma goma a kan jiƙaƙƙen buhu ko tsumma, a naɗe, a ajiye a inuwa ana yayyafa ruwa kullum. Bayan kwana bakwai a warware a ƙirga masu tsiro. In sun kai 85 ko fiye, a shuka yadda aka saba. In sun tsaya wajen 70, a ƙara yawan ƙwaya a rami. In sun gaza 60, a nemi wani iri. Ranar warware buhunan nan ta fi kowace lacca, domin kowa yana ganin na maƙwabcinsa.

Na biyu gwajin ƙasa ne. A zuba ƙasa rabin kwalba mai haske, a cika da ruwa, a girgiza sosai a ajiye. Yashi zai kwanta cikin minti ɗaya ko biyu, lallausar ƙasa bayan 'yan awoyi, yumɓu kuwa sai ya kwana ɗaya ko biyu. Kaurin kowane layi zai nuna wa mai gona dalilin da ruwa ke zurarewa a tasa, yake kwanciya a ta wani.

Mataki na shida: lambun gida

Lambu ne gadar da ke haɗa gona da lafiya, kuma shi ne ɓangaren da mata da yaran makaranta suka fi kamawa da wuri. Ku yi na koyo a harabar makaranta ko kusa da asibiti, inda akwai ruwa, inda rana ke samun wurin aƙalla awa shida. Shinge kafin shuka. Akuya ɗaya ta isa ta rufe aji cikin yini guda.

Faɗin fangali kada ya wuce mita ɗaya da ɗan ɗori, yadda hannu zai kai tsakiya daga kowane gefe ba tare da an taka ƙasar ba. A fara da abu huɗu ko biyar da mutanen wurin ke ci da ma: ganye mai duhun kore, wani abu mai launin ruwan lemo kamar karas, kabewa ko dankali mai jan ciki saboda bitamin A, wake, sai tumatir. A riƙa shuka ganye kaɗan kaɗan duk mako biyu, don kada ya nuna gaba ɗaya a rasa yadda za a yi da shi. Tumatir, tattasai, barkono da dankalin turawa dangi ɗaya ne, cuta ɗaya ke kama su, saboda haka ba a maye gurbin ɗaya da ɗaya a fangali guda. A bi bayansu da wake, wanda saiwarsa ke ƙara wa ƙasa ƙarfi.

Takin gargajiya a haɗa shi tare a aji. Tsibi mai kamar mita ɗaya a tsawo, faɗi da tsayi: busasshen kara da ganye a ƙasa, ɗanyen ganye a kai, kashin dabbobi, ɗan toka da ƙasa, a yayyafa ruwa, a maimaita. Damshinsa ya zama in ka matse a hannu ya dunƙule amma ruwa bai zubo ba. A soka sanda a tsakiya. Bayan kwana uku ko huɗu a zaro ta, kowa ya taɓa: in da zafi, taki na dahuwa, in da sanyi, ya bushe ko ɗanyen ganye ya yi kaɗan, in yana ɗoyi, ruwa ya yi yawa. A juya shi duk mako biyu ko uku, cikin wata biyu zuwa uku ya zama baƙi mai ƙamshin ƙasa.

Wannan zafin yana kashe ƙwayoyin cuta da yawa, kuma a nan za ka shigo da lafiya ba tare da ka sauya magana ba. Ɗanyen kashin dabba a kan ganyen da za a ci ɗanye hanya ce ta gudawa. Ƙa'idar da ake bi a Amurka ita ce kwana 120 tsakanin zuba ɗanyen taki da girbin abin da ke taɓa ƙasa, kwana 90 ga wanda ba ya taɓawa. Gangar ruwan lambu kuma a rufe ta, domin sauro yana iya tashi daga ƙwai zuwa mai cizo cikin kamar kwana goma.

Mataki na bakwai: feshi

Ka kawo gwangwanin magani na gaske, wanda ba a buɗe ba, a karanta takardar jikinsa tare. A ƙasashe da dama akwai launi a gindin takardar: ja ya fi kowanne haɗari, sai rawaya, shuɗi, kore. A nemo inda aka rubuta kwanakin da za a jira tsakanin feshi da girbi, domin wannan layin ne aka fi tsallakewa, kuma shi ne ke kai guba cikin miya.

Ga dabarar da ba ta taɓa ba ni kunya ba: a cika injin feshi da ruwa mai launi, a sa wa wani fararen kaya ya yi feshi yadda ya saba. In ya gama, a duba bayansa, ƙafafunsa, hannayensa. Bayan wannan ba sai ka roƙi kowa ya rufe jiki ba. A koyar da feshi da safe ko da yamma, iska a bayanka, ba ci ba sha ba taba, a yi wanka a wanke kayan daban. Gwangwanin da ya ƙare a ɗauraye shi sau uku a juye ruwan cikin injin, a huda shi don kada a zuba ruwan sha ko mai a ciki. In wani ya sha ko ya shaƙa, yana dalalar da yawu, yana gumi, yana amai, a cire masa kayan, a wanke shi, a kai shi asibiti tare da gwangwanin. Kada a sa shi amai da gangan.

Mataki na takwas: girbi da ajiya

Ranar girbin gonar gwaji a gayyaci gari duka. A girbe ɓangarorin biyu daban, a auna a gaban kowa, ɗalibai su yi bayani, kai kana gefe. In sabuwar dabara ta faɗi, a faɗa. Ajin da ya ɓoye faɗuwa ɗaya ya zubar da amanar shekara goma.

Hatsi yana bukatar damshinsa ya sauka zuwa wajen kashi 13 cikin 100 kafin a adana. Wanda ba shi da na'urar awo ya samu busasshiyar kwalba, ya zuba hatsi kamar sulusinta, ya ƙara cokali biyu ko uku na busasshen gishiri, ya rufe, ya girgiza minti ɗaya, ya bari kwata ɗin awa ya sake girgizawa. In gishirin ya manne a jikin kwalbar, a mayar da hatsin shanya. Kuma shanya a kan tamfol ko daɓe, ba a ƙasa tsura ba. Masara da gyaɗar da suka yi fumfuna suna iya ɗauke da guba mai suna aflatoksin, wadda ke lalata hanta har ta kai ga ciwon daji, kuma dafuwa ba ta kashe ta. A tsince masu fumfuna a zubar, kada a ba yara, kada a ba dabbar da ake tatsa.

Ku gwada buhun da ba ya shan iska, irin PICS da jami'ar Purdue ta ƙirƙiro: leda biyu masu kauri a ciki, buhun saƙa a waje, kowanne a matse iskarsa a ɗaure daban. Ƙwarin ciki suna mutuwa don rashin iska, ba tare da ko ɗigon magani ba. A cika ɗaya, a cika buhun da aka saba, a ajiye su gefe da gefe a kan katako, a buɗe bayan wata huɗu a gaban jama'a.

Mataki na tara: darussan lafiya, da hannu su ma

Ka ba lafiya rabin awa a kowane zama, a liƙe da aikin ranar. Ranar taki, wanke hannu da sabulu na daƙiƙa 20, a rataye jarka mai huda a bakin lambu da sabulu a igiya. Ranar ban ruwa, maganar ruwan sha: a tafasa shi ya yi minti ɗaya yana ɓararraka, a ajiye a mazubi mai ƙaramin baki da murfi, masai kuma ya yi nisan aƙalla mita 30 daga rijiya. Ranar da wani ya sare ƙafarsa da fartanya, maganar allurar tetanus.

Haɗa ruwan gishiri da sukari na yaro mai gudawa kowa sai ya yi da hannunsa. Fakitin ORS na asibiti shi ne kan gaba. In babu shi, lita ɗaya ta tsabtataccen ruwa, ƙaramin cokali shida na sukari a shafe, rabin ƙaramin cokali na gishiri a shafe. Ka sa kowace uwa ta zo da cokalinta da mazubinta na gida, domin a nan kuskure yake: wata za ta kawo babban cokali, wata za ta tula gishiri ya yi tozo, wata kofinta bai kai rabin lita ba. A auna, a yi wa mazubin alama, kowa ya ɗanɗana. Kada ya fi hawaye gishiri, domin gishirin da ya yi yawa yana cutar da yaro. Abin da ya kwana ya wuni a zubar a haɗa sabo. A ci gaba da ba da nono da abinci, a karɓo ƙwayar zink a asibiti ta kwana 10 zuwa 14.

A koya wa iyaye awon damtse ga yara 'yan wata 6 zuwa 59. A sami tsakiya tsakanin kafaɗa da gwiwar hannu, hannun a sake, a zagaya ma'aunin damtse mai launi ja, rawaya da kore, ba tsuke ba sako-sako. Ƙasa da santimita 11.5 ja ne, tamowa ce mai tsanani, asibiti a ranar. Tsakanin 11.5 da 12.5 rawaya ne, a je a duba shi. A danna bayan ƙafafun yaro biyu da babban yatsa na daƙiƙa uku. In rami ya zauna a duka biyun, shi ma asibiti ne ko da awon ya nuna kore. Alamomin da ba a kwana da su kuwa a haddace su: yaro ya kasa sha ko kama nono, yana amayar da komai, yana jijjiga, ko ya yi laushi ba ya farkawa sosai. Ga mai tari, a ƙirga numfashi na minti ɗaya cur yana kwance lafiya: 50 ko fiye ga ɗan wata 2 zuwa 11, 40 ko fiye ga ɗan shekara 1 zuwa 5, alamar ciwon huhu ce.

Sai girki daga lambun ajin, a dafa tare a ci tare. A nan ake maganar nono zalla har wata shida, da yadda ake kaurara abincin yaro da wake ko gyaɗa da ganye, da cewa ɗan lemo ko tumatir yana taimaka wa jiki ya ɗauki sinadarin ƙarfe, shayi kuma yana tare shi in an sha tare da abinci. Maza su zauna a wannan darasin. Su ne sau da yawa ke yanke abin da za a sayar da abin da za a bari a gida, kuma su ne ke ba da izinin tafiya asibiti da dare.

Mataki na goma: awo da miƙa ragama

Yawan masu zuwa ba ma'auni ba ne. A farkon shekara ka zaɓi abu biyar da ido ke gani, ka ƙirga su gida gida: gida nawa ke da lambu mai shinge, nawa suka gwada iri, nawa ke da wurin wanke hannu da sabulu a kai, uwa nawa ta haɗa ruwan gishiri da sukari daidai a gabanka, gwangwanin feshi nawa ka tarar ana zuba ruwa a ciki. Bayan girbi ka sake ƙirgawa, har da gidajen da ba su taɓa zuwa aji ba, domin a can za ka san ko abin ya tsallaka katanga.

Don ya tsallaka ɗin, akwai tsari biyu da aka jarraba. A Mozambik, a 1995, ƙungiyar World Relief ta soma haɗa mata 'yan sa-kai goma zuwa sha biyar a rukuni, a koya musu darasi ɗaya, kowacce ta kai shi gidajen maƙwabtanta kamar goma. A jihar Washinton ta Amurka kuma, tun 1973 ake horar da masu sha'awar lambu, su biya da awoyin da za su yi suna amsa tambayoyin jama'a. Kai ma tun tsakiyar damina ka sa ido a kan mutum uku ko huɗu da sauran ke juyawa su kalla in an yi tambaya. Ka fara ba su rabin zama su jagoranta, sannan zama guda, kana zaune a baya. Littafin ajin, igiyar awo, ma'aunin damtse da irin da aka ware daga gonar gwaji, duk a damƙa wa kwamiti a rubuce ranar rufe aji, a kuma tsayar da ranar gwajin iri na baɗi kafin a tashi daga wurin.